Anti Tef da Lamba Ɗari da Sha Biyu

Idan aka ce maka akwai macen da ta auna faɗin kafaɗar mutum kafin ta yarda ta aure shi, kada ka yi musu, 'yar gwaggona ce. Ni na riƙe mata ɗaya bakin tef ɗin. To, ban riƙe ba, shekarata tara a lokacin, amma an ba ni labari, kuma ni abin da aka ba ni labari kamar a gabana aka yi shi.

Tela ce. Shagonta na manne da nawa, bango ɗaya ne tsakaninmu, irin bangon da in ta yi atishawa ni ke amsa mata. Ni kitso nake yi. Ita ake kira Anti Tef, ni kuma Rediyo, sunan da ita ta laƙaba mini don hassada, saboda Allah ya ba ni baki ita ya ba ta lissafi. Babana da mamarta ciki ɗaya suka fito, taubasai muke, don haka ina da lasisin faɗar abin da na ga dama a kanta, har in rubuta. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau. Ni a aji uku na yi sallama da malamai cikin mutunci, kowa ya huta.

Tef ɗin rawaya ne, lambobin farkonsa sun fara gogewa don tsufa, kuma tun da na yi wayo yake rataye a wuyanta. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take shiga kicin. Ina da tabbacin in ta mutu aka zo tambayarta, ita za ta fara tambayar faɗin kabarin.

A wajen aiki ba ta da wasa. Ba ta yanka yadi da awon da aka turo ta waya, ko matar shugaban ƙasa ce ta turo. Mace za ta tsaya a gabanta ta ɗaga hannuwa, a auna kafaɗa, ƙirji, ƙugu, mazaunai, hannu, tsayi, sannan a sake daga farko. In kin zo kin ci kin ƙoshi, ta ce ki dawo gobe da safe. In kin riƙe numfashi don cikinki ya shige, sai ta tsaya tana kallon bango har ki gaji ki sake shi. In kika ce ai kin san awonki, ta tambaye ki wa ya auna ki, yaushe, a tsaye ko a zaune. Shi ya sa ɗinkinta ke zama a jiki kamar da shi aka haife ki.

Aibinta ɗaya ne, alkawari. In Anti Tef ta ce miki jibi, ki je ki yi haƙuri, ki haihu, ki yaye. Akwai matar da ta kawo yadin rigar jariri, ranar da ta zo karɓa yaron ne ya tuƙo ta a mota. Duk layinmu an san haka, ba wanda ke fushi, an ɗauke shi kamar yanayin gari.

Mijinta direban motar ma'aikata ne a wani kamfani, mutum ne da in ya yi magana uku a rana to ya yi surutu. 'Yarsu ɗaya, sai da suka yi shekara tara kafin ta zo, muna ce mata Auta duk da ita ce ta fari. Shekararta sha ɗaya lokacin da abin nan ya faru. Sai kuma abin da kowa a gidan ya sani ba a faɗa: duk wata Anti Tef kan rufe shago kwana biyu, ta duƙunƙune a kan katifa da gorar ruwan zafi a mara. Tun tana budurwa haka take, ta ɗauka rabonta ke nan.

Tef ɗin ne ya fara gano matsalar. Siket ɗin da ta ɗinka wa kanta ya soma matse ta, ita kuma ta san ba ta kuskure a awo. Ta auna ƙugunta, inci biyu sun ƙaru cikin wata huɗu alhali abinci ma raguwa ya yi, ga wani nauyi a mararta ta hagu kamar an ajiye mata dutsen guga. Gwaggo, mamarta, da ta ji ta ce ciki ne, ta fara murmushi ita kaɗai. Ni har na zaɓa wa jaririn suna, nawa. Anti Tef ta ce shekararta arba'in da uku, ta san ciki, wannan ba shi ba ne.

Na raka ta asibiti. Likitar wata mata ce 'yar siririya mai ƙaramin tabarau, ta shafa mata wani abu mai sanyi a ciki ta yi hoto. Ta ce akwai ƙullutu a jikin ma'ajiyar ƙwai ta hagu, santimita bakwai. Kafin ta rufe baki Anti Tef, tana kwance, ta jawo tef ta juya bayansa ta ce bai kai inci uku ba. Likita ta dube ta ta saman tabarau, ta ce haka ne. Ta ce yawancin irin waɗannan ba mugaye ba ne, amma ba a barin su da zato, za a yi gwajin jini mai taimakawa a gane ko wane iri ne. Ta rubuta takarda, ta ce a bari sai an yi kwanaki da gama al'ada kafin a ɗebi jinin, a kawo mata sakamakon a rufe ranar Alhamis ta mako na uku.

Na ji wannan magana da kunnena. Ita ma ta ji. Amma Anti Tef ta yi nata lissafin: tunda dama shago a rufe yake kwana biyun nan, me zai sa ta sake rufe shi wata rana don allura ɗaya? Jini ai jini ne. Ranar da ciwon ya fi tsananta ta lallaɓa ta je aka ɗiba, ba ta gaya wa kowa ba.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, a taƙaice, don ba tarihina ake rubutawa ba. Sakamakon ya zo cikin ambulan a manne, an buga hatimi a bakinta, saura kwana goma Alhamis. Ni kuwa ambulan a manne ba ta taɓa kwana a kusa da ni ba. Na ce mata tururin dutsen guga na buɗe gam ba a gane ba. Ta ce Allah ya shirye ni, sannan ta miƙo mini dutsen gugar.

Takarda ɗaya ce. An rubuta CA-125, a gabansa ɗari da sha biyu, can gefe kuma an nuna na mai lafiya daga sifiri ne zuwa talatin da biyar. Na ɗauko waya na buga sunan. Layin farko ya ce gwaji ne da ake yi game da kansar ma'ajiyar ƙwai. Ragowar dogon Turanci ne jere kamar tururuwa, ga kwastoma da na bari da rabin kai a tsefe. Na karanta mata layin farkon, da ƙarfi, da muryata ta labarai.

Ba ta yi kuka ba. Ta cire tef daga wuya ta shimfiɗa a kan teburin yanka, ta ɗora babban yatsa a kan talatin da biyar. Daga nan ta bi shi da yatsa a hankali har ƙarshe. Tef ɗin a sittin ya ƙare.

Ta ce, "Rediyo, lambar ma ba ta kan tef."

Ta sa na rantse ba zan gaya wa Direba ko Gwaggo ba. Ni, Rediyo, aka ba ajiyar sirri. Na yi kwana tara bakina na ƙaiƙayi kamar na ci barkono, har ramewa na yi.

Washegari wani abu ya faru da ba a taɓa gani ba a layinmu. Anti Tef ta fara cika alkawari. Keken ɗinkinta na ruri tun safe har bangona na rawa. Ta zazzage buhunan yaduka na shekara da shekaru, tana ɗinkawa, tana gogewa, tana kiran masu su a waya. Wata ta zo ta karɓi rigar da ta manta ta bayar, ta tsaya a ƙofata tana juya ta, ta tambaye ni cikin raɗa ko ƙaura za a yi. Mai shagon magani ya ce shi dai ya ga alamun tashin duniya iri-iri, amma tela ya kira ka da kansa, wannan sabuwa ce. Sabon yadi kuwa ko na zinari ne ba ta karɓa.

Dariya nake yi da su, ina ƙara gishiri, har ranar Litinin da na shiga aron almakashi na ɗaga wani zane a bayan keke. Riguna ne na yarinya, huɗu, an ninke su tsaf. Kowacce an maƙala mata 'yar takarda da fil: sha biyu, sha uku, sha huɗu, sha biyar. An bar musu kalmasa mai faɗi, yadda ko wani tela ne zai iya saki in Auta ta yi tsawo. Na mayar da zanen. Almakashin ma na manta.

Da na tambaye ta ƙarfe nawa za mu fita ran Alhamis, ta ce ba inda za ta. Ta ce an riga an auna, me likita za ta ƙara mata? In ta je yanka ta za su yi, ita kuwa ta san abin da almakashi ke yi wa yadi, ba ya komawa. Gara ta zauna ta gama na sha shida da sha bakwai tana da ƙarfinta.

Sai a ranar na koma kan wayar nan na karanta sauran, kalma-kalma, ina bi da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Ashe lambar kan hau don dalilai da yawa da ba kansa ba. Na ruga na gaya mata. Ko ɗaga kai ba ta yi daga keke ba.

"Ke da kika kashe ni da layi ɗaya, yanzu kin zo ki tashe ni da layi na biyu? Je ki ƙarasa kitsonki."

Gaskiyarta. Wanda ya san ni ba zai ɗora ransa a kan karatuna ba. Na gane in dai da bakina ne ba za ta je ba, sai dai da nata.

Ran Laraba da hantsi na ɗauko wani yadi kore mai furanni da na daɗe ina ɓoyo, na shiga na ajiye a kan teburinta. Ta ce ba ta karɓa. Na marairaice, na ce ko ba komai in sami abin tunawa da ita, tunda dai ta yanke shawara. Na matso hawaye guda, na gaske ne ma, abin ya ba ni mamaki. Ta yi tsaki, ta ciro tef ta ce in tsaya. Na ce ai sauri nake, ga awona na rubuto. Na miƙa mata 'yar takarda. Lamba ɗaya ce a jiki.

Ta ce, "Arba'in da ɗaya na me?"

"Nawa."

"Na inanki? Ƙugu ko ƙirji?"

"Ke dai ki yanka, Anti. Lamba ce, ba ta ƙarya."

Nan fa ta manta tana mutuwa. Ta miƙe tsaye. Ta ce shekara ashirin da biyar tana wannan sana'a ba a taɓa raina mata hankali irin yau ba. Wa ya auna ni? Yaushe? Na ci abinci ko ban ci ba? Da wane tef? Ta ce ko mahaukacin tela ba ya sa almakashi a yadin mutane da lamba ɗaya, in ya yanka ya ɓata da me zai mayar? Na bar ta ta yi ta yi, har mai shagon magani ya leƙo ya koma.

Da ta tsaya shan iska na ce, "To ke da lamba nawa kika yanka likkafaninki?"

Ta dube ni, ta dubi zanen da ke bayan keke. Na ce yau zan sha mari, na shirya kumatu. Sai ta naɗe tef a hannu ta ce in fita mata daga shago. Yadin kuwa ba ta ba ni ba, takardar ma ta riƙe.

Ran Alhamis ina buɗe ƙofa na gan ta a tsaye da mayafi, ambulan a hannu, tef a wuya. Ta ce in za ni in taho, ita ba ta son jira.

Likita ta juya ambulan ta dubi bakin da muka sake mannewa da gam ɗin takalmi, ta dube mu. Na dubi silin. Ta karanta, sannan ta tambayi ranar da aka ɗebi jinin, kwana nawa da gama al'ada. Anti Tef ta yi ƙasa da murya ta ce ana ciki ne, rana ta biyu, don dama shago a rufe yake. Na so in yi magana, ta taka mini ƙafa.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce abin da ake aunawa wani sinadari ne da jiki kan saki cikin jini. Kansa na sa ya hau, gaskiya ne, amma al'ada ma na sa shi, da juna biyu, da ƙarin mahaifa, da kumburi a ciki, musamman ga macen da ba ta daina al'ada ba. Ta ce akwai mai kansar da lambarta ke zama ƙasa lafiya lau, akwai mai ɗari biyu da ba ta da ita. Shi ya sa ba ta karanta shi shi kaɗai. Sai ta haɗa da shekarun mace, da abin da hoto ya nuna, ko ƙullutun ruwa ne ko tsoka, ko bangonsa sumul ne, ko ruwa ya taru a ciki. Duka wannan ke nuna mata wane irin aiki za a yi da kuma wanda ya kamata ya yi shi. Ta tambayi ciwon wata-wata, ta tambayi shekara taran da aka yi ana jiran Auta, tana rubutawa.

Anti Tef ta ce, "Wato awo shida kike ɗauka, ki sake daga farko."

Likita ta ce kusan haka ne. Ta ce amma ba za ta yi mata alkawarin komai ba, magana ta ƙarshe sai an cire abin an duba namansa a ɗakin gwaji.

Aka sake ɗibar jini a lokacin da ya dace, aka haɗa da wani gwajin mai suna HE4 wanda likita ta ce bai cika ruɗewa da al'ada ba. Ɗari da sha biyun nan ta sauko sittin da takwas, ɗayan kuma ya fito daidai. Anti Tef ta ce har yanzu dai ba ta hau tef ba, saura inci takwas. Wannan ambulan ba mu buɗe ba. Na dai ɗaga ta a rana, ba a ganin komai.

A ranar ta gaya wa Direba. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi ranar aikin, sannan ya fita ya wanke motar da ya riga ya wanke da safe. Gwaggo kuwa ni ta kama da faɗa, wai ina da baki a kan kowa amma ranar da ake buƙatarsa na ɗinke shi. Ka ji fa. Sau ɗaya a rayuwata na riƙe amana, shi ma zagi na sha.

An yi aikin ta 'yan ƙofofi uku ƙanana. Tana farfaɗowa ta sa na ɗaga mata riga ta duba ɗinkin, ta ce ba laifi, amma tazarar ba ta yi daidai ba, na tsakiyar ya ɗan karkace. Aka ce mako biyu kafin sakamakon naman ya fito. Cikin kwanakin nan ba wanda ya yi barkwanci da yawa, har ni. Ita dai tana zaune a gida da allura da zare, tana wani ɗinki na hannu da ba ta bari a gani.

Ranar komawa ta miƙo mini leda. Yadina ne kore mai furanni, ya zama riga. Tsayi arba'in da ɗaya. Ƙugu arba'in da ɗaya. Hannu arba'in da ɗaya, ya wuce yatsuna yana lilo kusa da gwiwa. Wuya arba'in da ɗaya, in na saki sai rigar ta zube ƙasa in fito ta sama. Ɗinkin kuwa tsaf, ko zare ɗaya bai fita ba. Ta ce awon da na kawo ne, kuma in ban sa ba ba ta zuwa asibiti.

Na sa, a kan wata rigar, na riƙe wuyan da fil uku. Haka na ratsa layinmu, haka na zauna a bencin jira ina naɗe hannuwa kamar mai wankin kaya. Wata tsohuwa ta matso ta tambaye ni a hankali ko ni ce mara lafiyar, ta yi mini addu'a.

Likita ta ga rigar, ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Sannan ta ce ba kansa ba ce. Irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ne ya tsiro a waje, duk wata yana zubar da jini ba hanyar fita, har ya taru ya zama ƙullutu. Shi ne ciwon da take sha tun tana budurwa, shi ne kuma ya ɗaga lambar. Ta rubuta magani, ta ce a riƙa zuwa ana dubawa don yakan dawo. Direba ya ce alhamdulillahi sau biyu, maganarsa ta rana ta kusa ƙarewa ke nan. Anti Tef kuwa sai ta kama dogon hannun rigata ta share fuska da shi. Dama ya isa mu biyu.

Rigunan Auta suna nan cikin akwati, ta fara sa ta sha biyu, kuma uwar ta riga ta ce kafaɗar ba ta zauna ba, sai ta sake auna ta. Tawa na kai mata gyara wata biyar da suka wuce. Shekaranjiya na leƙa na tambaya, tana kan keke, buhunan yaduka sun sake taruwa har rufi. Ta ce in dawo jibi.